Kafin mu duba fostar ɗan takara, mu duba kwatar ƙofar gidansa

Duk lokacin da aka kaɗa gangar zaɓen ƙananan hukumomi, tambayoyin da ake yi a majalisun hira da shagunan masu shayi ba sa canzawa. Yaron wane ne? Wa ya tsayar da shi? Gwamna na yi da shi kuwa? Hukumomin zaɓe na jihohi su ma suna da nasu tambayoyin: takardar makaranta, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, shaidar biyan haraji, sai kuma kuɗin fom. A Kano ma an ƙara da gwajin shan miyagun ƙwayoyi, wanda hukumar NDLEA ta yi wa 'yan takara a zaɓen 2021 da kuma na ranar 26 ga Oktoba, 2024. A wannan zaɓe na baya, hukumar KANSIEC ta fara da yanka Naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, har sai da maganar ta kai gaban kotu. Ke nan mun binciki aljihun mutum, mun binciki fitsarinsa, mun binciki takardunsa. Amma har yau ban ji an ce wani kwamitin tantancewa ya taka ƙafa ya je ya ga yadda ƙofar gidan ɗan takara take ba, ko ya tambayi 'yan hayarsa yaushe rabon da a yashe musu masai.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ake fama da 'yan bindiga da tsadar abinci. Ina roƙonsa ya ɗauko Kundin Tsarin Mulki na 1999, ya buɗe Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Abin da zai tarar shi ne gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, fitilun kan hanya, kwashe shara da ƙazantar masai, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar harajin gida, da kuma sa ido a kan allunan talla da shaguna da gidajen abinci da na burodi. Babu tsaron iyaka a ciki, babu farashin mai, babu darajar Naira. A taƙaice, ciyaman da kansilolinsa masu gadin kwata ne da bola da kasuwa da maƙabarta. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, a cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Wato mutum 528 muke ɗauka aikin kula da muhallinmu a jiha guda, ba tare da mun duba yadda kowannensu yake kula da taku goma da ke gaban gidansa ba.

In za ka ɗauki direba, kana cewa ya ja motar ka gani. In za ka ba tela ɗinkin Sallah, kana duban wuyan rigar da ke jikinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ji masu iya magana, kuma a sha'anin kansila, Larabar tana nan a fili, kowa na wucewa ta gabanta safe da yamma.

Sai dai ya kamata a fahimce ni tun da wuri. Ba kyan gida nake nufi ba. Da kyan gida ne ma'auni, da mun miƙa mulkin unguwanni ga masu kuɗi mun huta, kuma da mun ci amanar siyasar da su Malam Aminu Kano suka kafa NEPU a kanta a 1950, siyasar da ta ce tela da mahauci da ɗan koli su ma sun isa su tsaya a zaɓe su. Abin da ke daga katanga zuwa ciki, na mai gida ne da iyalinsa. Ko da tayil ya shimfiɗa ko da daɓe, ba ruwan mai ƙuri'a. Abin da ke daga katanga zuwa waje shi ne namu: inda ruwan wankansa yake bi, inda indararonsa yake zuba, inda sharar gidansa take kwana, da irin abin da ya ci daga hanyar jama'a ya mayar nasa.

Da wannan ma'auni, abin mamaki, talaka ya fi yawan tsira. Akwai gidajen ƙasa a cikin birni, a Zariya da Katsina da Kano, waɗanda masu su ba su da ko keke, amma duk shekara kafin ruwan farko sai sun yi yaɓe, sun gyara indararo don kada ya zubar wa maƙwabci a gindin bango, kuma kullum da sassafe an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Ka bar nan ka shiga sababbin unguwanni na masu hali. Za ka ga gida na miliyoyi, fenti na ƙyalli, amma mai shi ya zuba kankare ya toshe kwalbati don motarsa ta ji daɗin hawa, ya ɗaga gaban gidansa da intalok har ya fi titi tsawo, ta yadda duk ruwan da aka yi sai ya gangara gidan na ƙasa da shi. Ya haƙa sokawe a waje, a kan hanya, saboda ba ya so ya rage filin tsakar gidansa. Ya fitar da janareta ya gina masa keji a jikin tagar maƙwabci. Tifar yashin da aka sauke masa tun yana ginin bene tana nan rabi a kan layi, shekara ta uku ke nan, ruwa na kwasa yana cika lambatu da ita. Irin wannan mutum shi ne ya fi samun kuɗin fom, kuma shi ne zai hau mumbarin kamfen ya yi alkawarin magance ambaliya.

Sai maganar kango, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A wata unguwa da na taɓa zama, akwai wani gini da aka kai linta aka bari. Mai shi ba talauci ne ya hana shi ƙarasawa ba, ajiya ya yi, yana jiran fili ya yi tsada. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama juji, ya zama banɗakin almajirai da masu wucewa, da dare kuma matattarar masu shaye-shaye. Mata suka daina bin layin bayan Magariba. Dattawan unguwa suka aika masa sau biyu, cewa ko dai ya kewaye ya sa ƙofa, ko ya ba su izini su toshe da bulo da kuɗinsu. Amsarsa ita ce zai duba. Ana nan sai ga fostarsa a jikin wannan kango, yana neman kansila, an rubuta tsaro da tsafta a ƙarƙashin hotonsa. Ba na jin ya ga wani abin kunya a ciki, kuma wannan shi ne abin tsoron. A tunaninsa, kango harkar dukiyarsa ce, takara kuma harkar siyasa, babu abin da ya haɗa su. Mu ma da muka zuba ido, haka muka koya masa.

Gidan haya ma madubi ne, watakila ma ya fi kowanne faɗin gaskiya. Da yawa daga cikin masu neman kujerun nan suna da gidajen haya, irin masu ɗaki-ɗaki a jere, iyali takwas ko goma a kan masai ɗaya. A nan ne mutum yake da cikakken iko a kan waɗanda ba su da yadda za su yi da shi, kamar dai yadda ciyaman yake da iko a kan 'yan tebur a kasuwa. Yana karɓar kuɗin shekara cif-cif, yana ƙari duk lokacin da ya ga dama. To in rufi ya fara yoyo, kwana nawa ake yi kafin a ga kafinta? In masai ya cika, shi yake kiran mota ko 'yan haya ne suke karo-karo? In bango ya tsage, gyarawa yake ko shafe shi yake da siminti da fenti don sabon ɗan haya? Wanda ya saba karɓar haya ba tare da ya mayar da komai a cikin gida ba, ya riga ya yi atisayen karɓar harajin kasuwa ba tare da ya gina rumfa ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne da aka ɗauko daga Turai. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya san akwai babi guda a kan cutarwa, inda ake maganar abin da mutum zai ƙirƙira a mallakarsa ya cuci maƙwabci, kuma hukuncin shi ne a hana shi. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan hayaƙi da wari da tagar da ke leƙa gidan wani da ruwan da ake sakar wa hanya. Wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini, don alƙalai suna aikensa ya duba irin waɗannan rigingimu da idonsa. A wurinsu, filin da ke jikin bangon gidanka kana da haƙƙin amfani da shi, ka yi dakali, ka ɗaure dabba, matuƙar ba ka ƙuntata wa mai wucewa ba. Amfanin kuma yana tafe da nauyin kula da shi. Kowane ɗan Islamiyya ya san kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Abin da ya ɓace mana shi ne ɗaukar wannan karatu mu auna mai neman shugabanci da shi. Muna tambaya ko yana zuwa jam'i, kuma daidai ne mu tambaya, amma ba ma tambayar ruwan alwalar gidansa ina yake kwarara.

A da, unguwa tana da hanyoyinta. Mai unguwa yana iya tsayawa a ƙofar mutum ya ce a gyara kwata, kuma a gyara. Kafin damina samari na fitowa aikin gayya su yashe magudanai. Zamanin En'e kuma aka zo da duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa ya duba salga, wanda iyayenmu mata suke ba da labarin yadda ake rige-rigen share gida in an hango shi. Ba zan yi masa kwalliya ba: an yi amfani da duba-gari wajen cin zalin talaka da karɓar na goro, kuma a zamanin siyasar farko 'yan adawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun ma'aikatan En'e iri-iri. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi na bai-ɗaya a duk ƙasa, ya raba sarakuna da yawancin wannan iko. Sannan gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta zo da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, wanda daga cikinsa muka gaji tsaftar ƙarshen wata. Har gobe a Kano ana tsayar da zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10. Kowa ya san yadda ake yi: talaka ya fito da shebur ya tara dagwalo a bakin kwata, motar kwasa ba ta zo ba, ruwa ya mayar da shi inda ya fito, babban mutum kuwa ya yi barcinsa, ko ya fito da jiniya ya wuce shingen. Tsaftar da aka ɗora da bulala daga sama, ba ta taɓa hawa kan masu riƙe da bulalar ba. Shi ya sa nake ganin lokacin neman ƙuri'a ne kaɗai talaka yake da damar ya zama duba-garin shugabansa.

Kada kuma a ɗauka maganar ƙawa ce kawai. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna sahun gaba. Hanyar cutar sananniya ce: ƙazantar masai ta haɗu da ruwan sha. Sokawen da aka haƙa a kan hanya kusa da rijiyar maƙwabci, da bututun ruwan da ya bi ta cikin kwata ya fashe, da kangon da ya zama banɗaki, su ne gadar da take bi. Kwatar da ta toshe kuma gonar sauro ce. Kududdufan da a da suke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yanka filaye, kuma ba talakawa ne suka sa hannu a takardun ba.

Ita kanta fostar abin dubawa ce. Doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da tallace-tallacen waje, amma mai neman shugabancinta shi ne yake ba yara bokitin koko da dare su liƙe bangon makarantar firamare, da allon da ke nuna hanyar asibiti, da katangar maƙabarta, da jikin ƙofofin gari masu tarihi. Bayan zaɓe, wanda ya ci da wanda ya faɗi babu mai dawowa ya ɓanɓare. Ruwa ne zai jiƙa ta, iska ta yage ta, ta ƙare a cikin kwata tare da ledar fiyawota. Aikin farko da ɗan takara yake yi wa mazaɓarsa, tun kafin a rantsar da shi, shi ne ƙara mata shara.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Akwai wanda gidan da yake ciki na gado ne, magada ashirin, shari'a na kotu, ba shi da ikon ɗora bulo ɗaya. Akwai matashin da haya yake yi, akwai mace 'yar takara da gidan na mijinta ne. Waɗannan ba za a kama su da laifin ginin da ba nasu ba. Sai dai ko ɗan haya yana da tsintsiya, kuma unguwa ta san wanda yake fitowa ranar aikin gayya da wanda yake aiko da uzuri. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu tsoron a mayar da abin doka. In aka ce sai hukumar tsara birni ko ta lafiya ta ba mutum takardar shaida kafin ya tsaya, to an ƙara wa gwamna mai ci wata sanda. Ɗan adawa za a wayi gari an shafa wa gidansa jan fenti, ɗan gida kuwa ko a tsakiyar titi ya yi gini takardarsa za ta fito. Mun ga yadda rusau da rabon filaye suke bin sauyin gwamnati a jihohinmu. Don haka ni ma ba na goyon bayan a sa shi cikin dokar zaɓe. Wannan bincike na masu ƙuri'a ne, da idonsu, a unguwarsu.

Wasu kuma za su ce ciyaman ba shi da kuɗi, ba shi da iko: asusun haɗin gwiwa ya cinye kason ƙananan hukumomi, shara a birnin Kano tana hannun REMASAB, izinin gini yana hannun KNUPDA. Gaskiya ne an daɗe a haka. Amma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ta haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma duk ranar da kuɗin suka sauka, a hannun waɗannan mutane za su sauka. In a da sakacin ciyaman yana ɓuya a bayan rashin kuɗi, nan gaba halinsa ne zai yi aiki tsirara. Kuma ko a yanzu, hana mutum toshe kwalbati ba ya buƙatar kasafi. Yana buƙatar kansilan da zai iya kallon mai kuɗin unguwa ya ce masa ya fasa, wanda kuwa nasa kwalbatin a toshe yake ba zai iya buɗe baki ba. Laifi tudu ne, amma wannan tudun kowa na ganin wanda ke tsaye a kansa.

Saura masu cewa duk wannan ɓata baki ne, tunda zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyya mai mulki ce take lashe shi ƙaf, kamar yadda aka gani a Kano a 2024 da kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Haka ne, kuma abin takaici ne. Sai dai wannan yana nuna mana inda ainihin zaɓen yake: wurin masalaha, lokacin da shugabannin jam'iyya na mazaɓa da dattawa suke zama su fitar da suna ɗaya. Waɗannan mutane 'yan unguwa ne, kwata ɗaya suke tsallakawa da mu, kuma ba sa son a ce sun fito da wanda unguwa ke yi wa dariya. A nan ƙungiyoyin ci gaban unguwa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai suke da ta cewa, in sun yi magana da wuri. Ɗan takara yana cika fom na bayyana kadarori ne bayan ya ci, ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, fom ɗin ya shige durowa ba mai ganinsa. Amma unguwa ba ta buƙatar fom. Ta san gidajensa da filayensa da shagunansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya saya da sunan ƙaninsa.

Gidajen rediyonmu, da suke cika dare da shirye-shiryen siyasa na sojojin baka, za su iya ware minti goma su aika wakili ya zagaya kadarorin masu neman kujera a ƙaramar hukuma guda, na kowace jam'iyya ba tare da zaɓe ba, ya faɗi abin da ya gani daga waje, sannan a ba kowane ɗan takara dama ya kare kansa. Wanda ya ji kunya ya fito da lebura ya fasa kankaren da ya toshe hanyar ruwa, ko don ƙuri'a ya yi, unguwa ta ci riba, gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne watan Agusta, ana tsakiyar marka, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa, don a rani kowace kwata salihar baiwar Allah ce. 'Yan haya kuma a tambaye su a keɓe, kada a ɗauki muryarsu, kada a ambaci lambar ɗaki, saboda wanda ya faɗi gaskiya a kan masai a watan Agusta yana iya samun takardar tashi kafin Disamba.